Ba haɗiyar zuciya ke kashe mutanen Kaduna ba, hawan jinin da ba a auna ba ne

Duk wanda ke cikin zauren WhatsApp na unguwa, ko na tsofaffin ɗalibai, ko na 'yan kasuwa a Kaduna, ya saba ganin irin wannan sanarwa da sanyin safiya: Allah Ya yi wa wane rasuwa daren jiya bayan gajeruwar rashin lafiya, za a yi jana'iza da ƙarfe kaza. In ka je zaman makoki, a Kawo ne ko Unguwar Sarki ko Badarawa, labarin kusan iri ɗaya ne. Lafiyarsa ƙalau. Da shi aka yi hira a majalisa bayan isha'i. Ya shiga banɗaki ne ya yanke jiki ya faɗi.

Daga nan sai a shiga neman dalili. Wani ya ce bashi ne ya yi masa katutu. Wani ya ce tun da aka rushe shagonsa bai sake walwala ba, haɗiyar zuciya ya yi. Wata ta rage murya ta ce ai jifa ne, an daɗe ana bin sa. Da wuya ka ji wani ya tambaya yaushe rabon mamacin da a ɗaura masa na'ura a dantse a auna jininsa.

Ra'ayina shi ne wannan tambayar da ba ma yi ta fi duk sauran muhimmanci. Mafi yawan abin da muke kira mutuwar fuju'a ya daɗe yana tafe, shekara biyar ko goma ko fiye. Ajali na Allah ne, babu mai ja da wannan. Amma hanyar da ciwon zuciya ke bi ya iso gidajenmu sananniya ce, kuma akasarin ƙofofin da yake shigowa ta cikinsu muna iya rufe su da kuɗin da bai kai na katin waya ba.

Kalmar da ke ruɗa mu

A Hausa, zuciya gidan fushi ce da baƙin ciki da ƙauna. Muna cewa wane ya yi zuciya, wance zuciyarta ta ɓaci, yaron nan zai sa mini ciwon zuciya. Saboda haka da zarar likita ya ambaci ciwon zuciya ko hawan jini, abin da ke zuwa ran mutum shi ne tunani da ɓacin rai. Wanda ke ganin ba shi da wata damuwa sai ya ɗauka ya tsira. Wanda kuma aka ba magani, da zarar an biya shi bashin da yake bi ko rigimar gida ta lafa, sai ya ce hankalinsa ya kwanta, jini ya sauka, ya ajiye ƙwayoyin a kan taga.

Damuwa na da nata kason, kuma mutanen Kaduna sun ga abin damuwa iri-iri, daga rashin tsaro a hanyoyi zuwa tsadar rayuwa. Sai dai zuciyar da likita ke nufi tsoka ce da girmanta bai wuce dunƙulen hannu ba, tana bugawa kusan sau 100,000 a kowace rana tana tura jini cikin jijiyoyi. Ka ɗauke ta kamar injin tura ruwa na rijiyar burtsatse. Idan bututun ya tsuke ko ya yi tauri, dole injin ya ƙara wahala kafin ruwa ya hau tanki. Zai yi ta jurewa har ranar da ko dai injin ya ƙone, ko bututun ya fashe.

Hawan jini ke nan. Tsokar zuciya ta yi kauri don ta jure, daga baya ta gaji ta saki. A lokacin ne ƙafa ke kumbura, mutum ya kasa hawa bene, ya kasa kwanciya sai ya tara filo uku a bayansa. Idan jijiyar ƙwaƙwalwa ce ta fashe ko ta toshe, shi ne shanyewar ɓarin jiki. Idan jijiyar da ke ciyar da ita kanta zuciyar ce ta toshe da kitse, shi ne bugun zuciya. Ita ma ƙoda ba ta tsira.

Abin da ya sa wannan ciwo ya fi zazzaɓi haɗari shi ne ba ya sallama. Mutum na iya yawo da jini 170 bisa 100 tsawon shekaru, yana cin kasuwarsa a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, ko yana tuƙa mota daga tashar Kawo zuwa Kano kullum, ba ciwon kai ba jiri. Masu jiran sai sun ji alama kafin su je awo suna jiran abin da sau da yawa ba ya zuwa sai tare da ɓarnar.

Ba ciwon Turawa ba ne, ba na masu kuɗi ba ne

Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa a shekarar 2019 cututtukan zuciya da jijiyoyin jini sun kashe kimanin mutum miliyan 17.9, kusan kashi 32 cikin 100 na duk mace-macen duniya. Fiye da kashi uku cikin huɗu na waɗannan mutane a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita suke, wato irin tamu. Hukumar ta kuma ce kusan rabin masu hawan jini a duniya ba su san suna da shi ba.

A Najeriya, binciken da aka yi ta yi a sassa daban-daban na nuna cewa kusan mutum ɗaya cikin kowane manya uku na da hawan jini. Ka ƙirga mutanen da ke sahun gaba a masallacin unguwarku, ko waɗanda kuke zama benci ɗaya a coci, ka raba su uku. Lissafin ba shi da daɗi.

Akwai wani babban bincike mai suna SIREN da aka gudanar a asibitoci 15 na Najeriya da Ghana, ciki har da asibitocin koyarwa na Zariya da Kano, wanda aka wallafa sakamakonsa a 2018. An kwatanta mutanen da suka samu shanyewar ɓarin jiki da takwarorinsu masu lafiya, aka gano cewa hawan jini na da hannu a kusan tara cikin kowane goma. Bayansa akwai yawan kitse a jini, ciwon suga, tumbi, yawan cin nama, ƙara gishiri a abinci bayan an zuba a kwano, taba, damuwa da rashin motsa jiki. Yawan cin ganye kuwa kariya aka same shi yana bayarwa.

Wannan ba bincike ne daga Amurka ko Ingila ba. Da marasa lafiyar da aka kwantar a Shika aka yi shi, tafiyar da ba ta kai sa'a biyu ba daga gadar Kawo. Kuma in ka duba jerin da kyau, ban da shekaru da gado da ba mu da iko a kansu, kusan komai a ciki abu ne da hannunmu ke kaiwa.

Gishirin da ba ma gani

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya ci gishirin da ya kai giram 5 a rana, wato kimanin cokalin shayi ɗaya. Ba a kowace tukunya ba, a duk abin da ya shiga bakinsa daga safe zuwa dare.

Mu bi ranar wani magidanci a Unguwar Shanu ko Hayin Banki. Da safe ya tsaya wurin mai shayi: burodi akwai gishiri a ciki, ƙwai an soya shi da magi, taliyar leda an juye mata duk garin ɗanɗanon da ke cikin ƙunshinta. Da rana shinkafa da wake da mai da yaji, yajin kuma an daka shi da gishiri da magi. Da dare tuwo da miyar kuka da aka jefa wa dunƙulen magi huɗu ko biyar, ga farin magi, ga gishiri. In an samu sarari a biya wurin mai tsire ko balangu, a barbaɗa yaji. Wannan bawan Allah zai rantse maka ba ya cin gishiri da yawa, kuma ba ƙarya yake yi da gangan ba. Bai san cewa kusan rabin dunƙulen magi gishiri ba ne.

Sannan ga kanwa. Ba ta da ɗanɗanon gishiri, amma sinadarin sodiyam da ke sa gishiri ya tayar da jini shi ne jigonta. Muna jefa ta a wake don ya yi saurin nuna, a miyar kuɓewa don ta yi yauƙi, a ɗanwake, a kunu. Duk tana shiga lissafin cokalin nan guda.

Na san amsar da uwargida za ta bayar, kuma tana da gaskiya: nama ya yi tsada, kifi ya yi tsada, magi ne kaɗai abin da ya rage mai sa miya ta ciwu. Ba na cewa a daina a dare ɗaya. A rage ɗaya daga cikin dunƙulen da ake sawa, bayan mako biyu a sake rage ɗaya. In an sa magi kada a ƙara gishiri. A dawo da daddawa da albasa da tafarnuwa da citta da masoro, waɗanda da su kakanninmu suka yi miya kafin a san magi. A jiƙa wake tun dare maimakon a cika masa kanwa. Harshe na sabawa cikin 'yan makonni, har ya kai mutum ya ji abincin waje ya yi masa gishiri.

Kuma maigida, kai ne babban cikas. Mace ba za ta rage magi ba matuƙar ta san za ka ture kwano ka ce miya ta yi lami.

Akwai shaidar cewa rage gishiri na aiki. A Ingila, tsakanin 2003 da 2011, an matsa wa kamfanonin abinci suka riƙa rage gishiri a hankali. Abin da mutane ke ci ya ragu da kimanin kashi 15 cikin 100, mutuwa sanadin shanyewar ɓarin jiki da bugun zuciya kuma ta ragu da kusan kashi 40. Ba gishiri kaɗai ya kawo wannan ba, amma masana sun yarda ya taka muhimmiyar rawa. Afirka ta Kudu ma ta mayar da ƙayyade gishiri a burodi da sauran abincin kamfani doka tun 2016.

Tumbi ba shaidar arziki ba ne

Har yanzu in mutum ya ajiye tumbi sai abokai su ce Alhaji an samu duniya. In amarya ta yi ƙiba a ce gidan miji ya karɓe ta. Kitsen da ke taruwa a ciki shi ne mafi haɗari, domin yana tafe da ciwon suga da hawan jini da toshewar jijiya. Akwai ma'auni mai sauƙi da ba ya buƙatar asibiti: ka sami zare ka auna tsawonka, ka ninka shi biyu, ka zagaya shi a cikinka daidai cibiya. In bai haɗu ba, akwai aiki a gabanka.

Suga na shigo mana ne ta kofi da kwalba. Shayi mai cokali huɗu na suga da madarar gwangwani, lemon kwalba a kowane biki da walima, kunun aya da zoɓo da aka zuba wa suga kamar ba gobe. Dokar kuɗi ta 2021 ta ɗora harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemo mai suga, amma a tsadar yau naira 10 ba ta hana kowa sha. Abin da zai hana shi ne mu daina ɗaukar lemo a matsayin ruwan saukar baƙo.

Haka batun mai. Man da mai ƙosai ko mai awara ko mai soya dankali ya yi ta juyawa har ya yi baƙi, ba alheri ba ne ga jijiya. Hukumar NAFDAC ta fitar da ƙa'idar da ta taƙaita wani nau'in kitse mai daskarewa da kamfanoni ke sarrafawa zuwa giram 2 cikin kowane giram 100 na mai, amma wa ke duba abin da ake aunawa a kwalba a Kasuwar Bacci?

Abin da ke ba ni ƙwarin gwiwa shi ne abincin da ya fi kare zuciya ba sai an shigo da shi daga waje ba. Zogale, rama, alayyafo, yakuwa, lansir, kabewa, wake, gyaɗa, gero, dawa da acca duk namu ne. Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli da wasu ke rainawa a matsayin abincin ƙauye ya fi kazar da aka tsoma a mai amfani ga mai hawan jini, in dai ba a cika masa magi ba.

Sai zama. Daga ƙofar gida a hau Keke Napep, a sauka ƙofar shago ko ofis, a zauna har la'asar, a dawo majalisa a zauna har dare. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, wato tafiya mai ɗan sauri ta minti 30 kwana biyar. Masu zuwa Dandalin Murtala da sassafe suna kyautawa, amma ba kowa ke kusa da nan ba, kuma ba sai da kayan wasanni ba. Ka sauka daga keke kafin ka iso, ka taka sauran. Ka je masallacin da ya ɗan fi nisa. Mata kuma, waɗanda yawancinsu ba su da wurin da za su taka a sake, su ne ya kamata a fara tunawa da su: filayen makarantun unguwa da ke rufe bayan an tashi za su iya zama wurin tattakinsu da yamma.

Taba, shisha da haɗin kemis

Hayaƙin taba na lalata bangon jijiya ya sa jini saurin daskarewa. Dokar taƙaita shan taba ta 2015 ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta hana sayar da ita kara-kara, ta hana sha a wuraren taruwar jama'a. Ka tsaya gaban kowane mai tebur a Abakpa ko Kabala ka ga ko ana bin ta. Shisha kuma, da samari da 'yan mata ke ɗauka ƙamshi ne kawai da ruwa ya tace, taba ce, kuma zama ɗaya a kanta na iya kai mutum shaƙar hayaƙin da ya ninka na kara guda sau da yawa. Albishir ga mai niyyar bari shi ne, shekara guda bayan dainawa, ƙarin haɗarin bugun zuciyar da taba ta jawo masa na raguwa da kusan rabi.

Akwai wata ƙofar da ba a cika magana a kanta ba. Leburori, direbobi da masu dako da yawa ba sa barci sai sun haɗiyi haɗin maganin ciwon jiki daga kemis. Magunguna irin su diclofenac da ibuprofen, in aka mayar da su abincin kullum, suna tayar da jini suna cin ƙoda. Ƙwayoyin ƙiba da ake kira sha-ka-fashe, waɗanda a cikinsu ake samun dexamethasone, suna tara ruwa a jiki su tayar da jini da suga. Budurwar da ke shan su don ta cika ido kafin biki tana sayen ciwon da zai bi ta har tsufa.

Mai jego da yaro mai ciwon maƙogwaro

Ƙasar Zazzau na da tarihi na musamman a ilimin ciwon zuciya. A shekarun 1970, likitoci biyu a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, Neil Davidson da Eldryd Parry, sun rubuta yadda mata masu yawa a Zariya ke samun gazawar zuciya bayan haihuwa, kimanin ɗaya cikin haihuwa 100, adadin da ke cikin mafi yawa a duniya. A lokacin sun danganta abin da kunun kanwa da wankan jego da kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wa wuta.

Binciken baya-bayan nan da Farfesa Kamilu Karaye na Jami'ar Bayero ya jagoranta a asibitoci da dama na Najeriya ya nuna har yanzu ciwon ya fi yawa a Arewa maso Yamma, amma ya fi alaƙanta shi da rama, talauci, rashin karatu da hawan jinin masu ciki, fiye da al'adun jego. Darasin da ke ciki a fili yake. A ciyar da mai ciki, a bar ta ta je awo a riƙa duba jininta. Mai hawan jini kuma kada a ɗura mata kanwa. Mai jegon da ƙafarta ta kumbura, take haki, take tari in ta kwanta, ba sanyi ne ya shige ta ba, kuma ƙarin ruwan zafi ba zai warkar da ita ba. A kai ta asibiti a ranar.

Yara ma suna da tasu ƙofar. Ciwon maƙogwaro mai zazzaɓi da wata ƙwayar cuta ke kawowa, in ba a magance shi da maganin da ya dace ba, yana iya komawa ya lalata ƙofofin cikin zuciya, abin ya bayyana bayan shekaru, sau da yawa lokacin da yarinya ta yi cikin fari. Maganinsa tun farko penisilin ne mai araha. Kai yaro wurin wanzami a cire masa beli ba ya kashe ƙwayar cutar.

Magani ba ya ƙarewa don an ji sauƙi

Gano ciwon rabin aiki ne. Inda muka fi faɗuwa shi ne riƙe magani. Hawan jini ba zazzaɓin cizon sauro ba ne da ake shan magani kwana uku a gama. Ƙwayar na riƙe jinin ne muddin ana sha, in an daina ya koma inda yake, ko da mutum bai ji komai ba.

Wasu na cewa in ka fara ba ka dainawa, jiki zai saba. Ba jiki ne ya saba ba, ciwon ne bai tafi ba. Wasu maza na gudun magani don sun ji yana rage ƙarfin namiji. In wani nau'i ya dame ka, ka gaya wa likita ya canza maka, akwai iri da yawa. Ka kuma sani shi kansa hawan jinin da ciwon suga suna cikin manyan masu kashe wannan ƙarfin da kake karewa. Wasu kuma sun koma ga masu lasifika a bakin kasuwa da ke alƙawarin raba mutum da hawan jini har abada da gora ɗaya. Tafarnuwa da zoɓo marar suga ba laifi ba ne a matsayin abinci, amma ba sa maye gurbin ƙwayar da likita ya rubuta.

Uzurin da ya fi ƙarfi shi ne kuɗi. Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 da faɗuwar darajar naira, farashin magunguna ya yi tashin gwauron zabi, kuma akwai dattawan da ke raba ƙwaya biyu ko su sha yau su tsallake gobe. Wannan ba sakaci ba ne, talauci ne. Amma ko a nan akwai abin yi: ka tambayi likita ko mai harhaɗa magani ya ba ka samfurin da ba na babban kamfani ba, wanda ke da lambar NAFDAC. Magunguna irin su amlodipine suna da samfura masu sauƙin kuɗi. Kuma duk tsadar ƙwayar wata guda, ba ta kama ƙafar kuɗin kwana ɗaya a gadon asibiti da shanyayyen jiki ba, balle wankin ƙoda, balle gidan da mai ciyar da shi ya kwanta.

A kai na'urar inda mutane suke

Asibitin Koyarwa na Barau Dikko, da Asibitin Yusuf Ɗantsoho a Tudun Wada, da Babban Asibitin Kawo, da Asibitin Sojoji na 44, duk suna karɓar waɗanda ciwon ya riga ya kayar. Magidancin da ke jin kansa garau ba zai rufe shago ya je ya bi layin kati don a auna shi ba. Tunda ba zai je ba, na'urar ce za ta zo.

Na'urar awon jini mai batir ba ta kai kuɗin wayar da kake karanta wannan rubutu da ita ba, kuma duk wanda ya iya karanta lamba zai iya koyon aiki da ita cikin rabin sa'a. Kwamitin masallacin da ya iya tara kuɗin janareta da kafet zai iya sayen guda biyu, a riƙa awo bayan sallar Juma'a. Haka coci bayan sujada ranar Lahadi. Haka makarantun Islamiyya na matan aure. Haka ƙungiyar direbobi a tashar Kawo da ta Mando, inda mutum ɗaya ke riƙe da rayukan fasinja goma sha takwas a kan sitiyari. Haka ƙungiyoyin 'yan kasuwa, layi-layi. A kowace unguwa akwai ma'aikaciyar jinya ko ɗalibin koyon aikin lafiya da zai koya wa matasa biyu.

Ƙa'idar ba ta da wuya. Mutum ya zauna ya huta minti biyar, ya jingina bayansa, hannunsa a kan tebur, kada ya kasance ya sha taba ko kofi ko ya ci goro a rabin sa'ar da ta wuce. In lamba ta kai 140 bisa 90 ko ta haura, a sake aunawa wata rana. In ta sake kaiwa, a tura shi asibiti. In ta kai 180 bisa 120, ba a jiran gobe. Masu awon ba likitoci ba ne, ba su rubuta magani, aikinsu su nuna hanya.

Gwamnatin jiha kuma tana da nata. Kaduna na da mazaɓu 255, kuma an daɗe ana maganar ingantacciyar cibiyar lafiya a matakin farko a kowace mazaɓa. Ma'aunin da zan auna wannan magana da shi mai sauƙi ne: duk babban da ya shiga cibiyar, ko rakiya ya yi, a auna jininsa kyauta, kuma a samu maganin hawan jini na farko a wurin a farashi mai rahusa kowane wata ba yankewa. Hukumar inshorar lafiya ta jiha, KADCHMA, ta fita daga ofis ta bi kasuwanni da tashoshi ta yi wa masu sana'ar hannu bayani da Hausa, domin da yawansu ba su ma san da ita ba. Jawabin ranar hawan jini ta duniya a 17 ga Mayu da na ranar zuciya a 29 ga Satumba ba ya saukar da jinin kowa.

Akwai kuma alamun da kowane gida ya kamata ya haddace. Nauyi ko matsi a ƙirji da ke tafiya zuwa hannu ko muƙamuƙi, tare da gumi da haki, kada a ce olsa ce a kawo madara. Baki ya karkace, hannu ko ƙafa ta mutu, magana ta sarƙe, kada a ce iska ce a tsaya turare da yayyafa ruwa. A yi addu'a a cikin mota ana tafiya asibiti, domin a waɗannan sa'o'in farko ne ake ceto abin da za a iya cetowa.

Kai kuma mai karatu, in ka haura shekara 30 kuma ba ka san lambar jininka ba, ko mahaifi ko mahaifiyarka na da hawan jini ko suga, kada makon nan ya ƙare ba ka tsaya a kemis ko cibiyar lafiya mafi kusa an auna ka ba. Ka rubuta lambar da kwanan wata a wayarka. In ka tashi tafiya, ka ɗauki mahaifiya da uwargida ku tafi tare.